Tarihinmu A Kan Sikelin 'Yan Gwangwan

A watan Yulin 2025 na je gida ta'aziyyar wani baffanmu. Bayan an yi addu'ar uku jama'a sun watse, sai na shiga ɗakin marigayiya kakata, wanda yanzu aka mayar da shi ma'ajin buhunan hatsi, da niyyar in ɗauko wata tasar tagulla da na sani tun ina yaro. Tasa ce mai murfi, ƙirar Bida, an bi jikinta kaf da zanen ganye da ɗigo-ɗigo, ta yadda babu inda za ka ɗora yatsa ba ka taɓa aikin hannun maƙeri ba. A cikinta take ajiye goron baƙi, kuma ta sha gaya mana cewa da ita aka kai mahaifiyarta ɗakin miji. Na duba sama da ƙasa ban gan ta ba. Da na tambaya, sai wani ƙanena ya ce mini, "Ai Yaya, tun bara aka ba 'yan gwangwan ita. Ta yi baƙi ƙirin, kuma babu mai amfani da ita." An ɗora ta a sikeli, an biya kuɗin nauyinta, kuɗin da bai wuce cefanen yini guda ba.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne, makonni kaɗan kafin wannan rana, a watan Yuni, ƙasar Holan ta dawo wa Nijeriya da kayan tagulla na Masarautar Benin guda 119, kuma ina cikin waɗanda suka yi ta murna, muna cewa ga shi Turawa sun fara dawo da abin da suka wawashe. Ashe a daidai lokacin da muke tafa wa dawowar na Benin, namu na gida yana kan hanyar tukunyar narkarwa, kuma da hannunmu muka miƙa shi. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in ja hankalin mai karatu zuwa ga abin da ƙarfe da tagulla suke ɗauke da shi na tarihin wannan yanki namu, da irin ilimin da ke cikin ƙera su, ko Allah Ya sa wani ya dakata kafin ya yi irin kuskuren da aka yi a gidanmu.

Rubutaccen tarihin ƙasar Hausa ba shi da yawa idan aka koma baya da ƙarni na 15, kuma ko littafin Tarihin Kano da muke tinƙaho da shi, a ƙarshen ƙarni na 19 ne aka tattara shi a siffar da muka san shi. Tufafi kan ruɓe, itace gara ta cinye shi, ginin ƙasa ruwan sama ya zaizaye shi. Ƙarfe da tagulla kuwa sukan jure, kuma a yau masana suna iya ɗaukar ɗan ɓarɓashi daga jikin munduwa su faɗi abin da aka haɗa aka yi ta, wani lokaci har da ramin da aka haƙo ma'adininta. Ke nan kowace tsohuwar tasa ko likkafa ko takobi takarda ce da ba a gama karantawa ba.

Mu fara da baƙin ƙarfe. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono murhunan narka tama a shekarun 1960, waɗanda gwaji ya nuna sun kai ƙarni na 5 zuwa na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a zamanin mutanen da ake kira na Nok. A Kano kuma an samu shaidar narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, wato shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Bagauda. Wannan ya zo daidai da labarin baka na Abagayawa, wanda ke cewa wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya yada zango a gindin Dala. Ko labarin ya tabbata yadda ake ba da shi ko bai tabbata ba, abin lura shi ne mutanen birnin sun jingina asalinsu ga maƙeri.

Kada mai karatu ya ɗauka narka tama wasa ne. Baƙin ƙarfe ba ya zama ruwa sai zafi ya haura digiri 1,500 a ma'aunin Salsiyos, alhali murhun ƙasa da gawayi da zuga-zugi ba su cika wuce digiri 1,200 ba. Dabarar da magabata suka gano ita ce, idan aka jera tama da gawayi hawa-hawa aka daidaita iskar da ke shiga, hayaƙin gawayin zai zare iskar da ke ɗaure da ƙarfen a cikin dutsen, dattin ya narke ya gangara ƙasa ya zama kashin tama, ƙarfen kuma ya dunƙule wuri guda kamar soso. Daga nan maƙeri ya ɗauke shi da awartaki zuwa kan uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba har sauran dattin ya fice. Idan iska ta yi yawa aiki ya ɓaci, idan ta yi kaɗan ma haka. Ba su da ma'aunin zafi, launin wuta da ƙarar murhu su ne ma'auninsu. Abin da ɗalibanmu ke haddacewa yau a darasin kimiyyar sinadarai, su a ido da kunne suke riƙe da shi.

Jan ƙarfe kuwa labarinsa labarin fatauci ne, domin ƙasar Hausa ba ta da shi da yawa, sai an kawo. Lokacin da Ibn Battuta ya sauka a Takadda a shekarar 1353, garin da masana da dama ke ganin shi ne kufan Azelik da ke yankin Agadas a Jamhuriyar Nijar, ya tarar ana narka jan ƙarfe a cikin gidaje ana zuba shi sanda-sanda, wasu masu kauri wasu sirara. Ya ce masu kaurin ana sayar da 400 a kan miskali ɗaya na zinariya, sirara kuma 600 zuwa 700, kuma da su ake saye da sayarwa a kasuwa kamar kuɗi. Ya kuma ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai wannan jan ƙarfe. A can yamma kuma, a hamadar Muritaniya, wani masani Bafaranshe mai suna Théodore Monod ya gano kayan wani ayari a binne cikin yashi a shekarar 1964, a wurin da ake kira Ma'adin Ijafen: sandunan tagulla fiye da 2,000 tare da ɗimbin wuri, waɗanda suka kwana a wurin tun wajen ƙarni na 11 ko na 12. Wannan ya nuna mana irin nisan da ake ɗauko tagulla a bayan raƙumi kafin ta iso hannun maƙerin da zai mayar da ita munduwa.

Ga wanda yake tsammanin duk wannan labarin wasu ne, sai ya nufi Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani ta Jihar Katsina. A can akwai manyan tuddai na kaburburan sarakunan dauri. Bature Palmer ya fara tona su a 1907, sa'an nan aka sake tona wasu uku a 1992, aka kuma kai kayan da aka samu birnin Mainz na Jamus aka tsaftace su aka yi musu bincike. An samu mundaye da ƙarau na tagulla, da kayan ado na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da wuri, har da wata tasar ƙarfe da masana ke danganta ƙirarta da ƙasashen Musulmi na gabas. Mafi tsufan kaburburan sun kai ƙarni na 13 zuwa na 14. Ma'ana, tun kafin Muhammadu Korau ya hau gadon Katsina akwai masu mulki a wannan yanki da hannunsu ke kaiwa ga hajar da ta ratso Sahara. Babu littafin da ya ba mu wannan labari dalla-dalla, kayan da aka binne su da su ne suka ba mu. Ina tambaya, cikin 'yan bokonmu na Arewa mutum nawa ne suka taɓa jin sunan wurin, balle su kai 'ya'yansu?

Sai kuma fannin da ya fi ba duniya mamaki, wato zubi da kakin zuma. Maƙeri zai fara gina siffar abin da yake so da yumɓu, ya lulluɓe ta da kaki gwargwadon kaurin da yake so tagullar ta yi, ya zana duk adon da yake so a jikin kakin. Sai ya shafe kakin da lallausan yumɓu, ya ƙara mai kauri a kai, ya bar ƙofar zubi da ƙananan kafofin fitar iska. Idan ya bushe sai a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa fayau. A cikin wannan gurbi ake ɗura narkakkiyar tagulla. Bayan ta huce dole a fasa yumɓun kafin a ga abin da aka samu, don haka kowane zubi guda ɗaya ne tak a duniya, kuma idan aka kuskure a rana ɗaya, aikin watanni ya tafi.

Da wannan dabara aka yi kayan Igbo-Ukwu na Jihar Anambra, waɗanda wani magidanci ya fara cin karo da su a 1938 yana haƙa rijiyar tara ruwa a gidansa, daga baya Thurstan Shaw ya yi cikakken tono a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964. Gwaji ya kai su ƙarni na 9 zuwa na 10. A cikinsu akwai wata tukunya da aka zuba ta a cikin ragar igiya, igiyar ma ta tagulla ce, da ƙulle-ƙullenta kamar an saƙa da hannu. Maƙeran wurin sun san bambancin kayan aikinsu sarai: abin da za a zuba sukan haɗa jan ƙarfe da kuza da dalma domin ya gudana sosai, abin da za a buga ko a murɗa kuma sukan bar shi jan ƙarfe kusan zalla domin ya lanƙwasu. A Ile-Ife ma a 1938 aka tono kawunan tagulla fiye da goma wajen haƙa harsashin gini kusa da fadar Ooni, aikin ƙarni na 12 zuwa na 15. Kyansu ya kai ga tun a 1910, da Bajamushe Leo Frobenius ya ga irinsu, ya kasa yarda cewa baƙar fata ne suka yi, ya ce sauran wata ɓatacciyar daula ce ta mutanen teku. Bincike ya ƙaryata shi tuntuni.

Wani abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, ɗaya daga cikin fitattun waɗannan ayyuka a Arewa aka same shi. A ƙauyen Tada da ke bakin kogin Kwara a ƙasar Nufe aka adana wata siffar mutum a zaune, mai tsawon kusan rabin mita, da ake dangantawa da Tsoede, wanda ya kafa daular Nufe, ko da yake salon aikin na Ife ne na ƙarni na 13 zuwa na 14. Da jan ƙarfe kusan zalla aka zuba ta, kuma duk mai sanin sana'ar zai gaya maka cewa wannan shi ne mafi wuyar zubi, domin jan ƙarfe sai a digiri 1,085 yake narkewa, yana shan iska ya yi kumfa, kuma yana saurin daskarewa kafin ya cika gurbi. Wanda ya iya wannan shekara 700 da suka wuce, da gawayi da zuga-zugin fata, babu sunan da ya dace da shi sai gwani.

Na Benin su ne aka fi sani, saboda yadda sojojin Ingila suka kwashe dubbansu a 1897 bayan sun ci birnin da yaƙi suka kai Oba Ovonramwen Kalaba. Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar fiye da 1,000 daga cikinsu a 2022. To amma akwai wani ɓangare mai ɗaci da ya kamata a faɗa. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa tagullar da aka yi yawancinsu da ita ta fito ne daga mundayen da ake ƙerawa a yankin kogin Rhine na Jamus, waɗanda Turawan Fotugal suke kawowa bakin teku suna musaya da barkono da hauren giwa da kuma bayi. Tagulla ba ta ɓoye wa kowa asiri, takan faɗi abin alfahari ta kuma faɗi abin kunya, kuma don haka ne shaidarta take da daraja.

Na san akwai mai karatun da zai ce, "Malam, ai waɗannan gumaka ne, mene ne namu a ciki?" Tambaya ce da ta cancanci amsa. Babu wanda ya ce a girmama siffa ko a bauta mata, Allah Ya tsare mu. Abin da nake magana a kai shi ne ilimin da ke cikin aikin da kuma labarin da kayan ke bayarwa. Ballantana ma mafi yawan abin da maƙeranmu suka bari ba siffofi ba ne: tasoshi ne da butoci da shantula, da likkafu da linzamai, da takubba da sulke da kwalkwali. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe, kuma a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki. A Katsina har yau takobin Gajere yana cikin kayan sarauta, haka ma takobin da ake dangantawa da Bayajida a Daura. Addininmu kuma bai raina wannan sana'a ba, tunda akwai sura sukutum mai sunan ƙarfe, Suratul Hadid, kuma an ba mu labarin Annabi Dawud (AS) da ƙirar sulke.

A birnin Kano maƙera sun kasu gida biyu, maƙeran baƙi masu yin fartanya da garma da wuƙa da takobi, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, ga kuma Sarkin Maƙera a fada. A Ririwai da ke kudancin Kano ana narka kuza ana zuba ta siri-siri kamar tsinke ana kai wa kasuwanni tun kafin kamfanonin Turawa su mamaye haƙar kuza a yankin Jos. A Bida maƙeran tagulla suna da unguwarsu da shugabanninsu, kamar yadda S. F. Nadel ya bayyana a littafinsa na 1942, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa garin cikin jerin biranen duniya da suka yi fice a sana'ar hannu. A Agadas maƙeran azurfa suna nan suna zubi da kaki.

Yadda aka yi wannan gado ya raunana ba ɓoyayye ba ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacensa suka cika kasuwa da araha, sai wahalar haƙo tama da narka ta ta zama babu riba, murhu ya mutu tun maƙeri yana raye. Daga baya kwanon sha da langa masu fenti suka kori tasa daga jeren amarya, su ma silba da roba suka kore su. Jikokin maƙeran fari da yawa sun koma zuba tukwanen alminiyom, wasu sun bar gidan ƙira ɗungurungum. Zamani riga ne, ba na cewa a koma noma da ƙarfen tama. Amma barin amfani da abu daban, shafe shi daga doron ƙasa daban. Ba na kuma ganin laifin yaron da ke tura baro yana sayen tsohon ƙarfe, abincinsa yake nema, kuma ba shi ya shiga ɗakin kakata ya ɗauko ba. Laifin namu ne, mu da muka yi karatu muka san Taj Mahal da dalar Masar amma ba mu san abin da ke ƙarƙashin gadon iyayenmu ba.

Saboda haka ina da shawarwari, kuma babu wadda take bukatar biliyoyin naira. Da farko, masarautunmu su sa a ƙididdige kayan ƙarfe da ke fadodinsu da gidajen hakimai, a ɗauki hoton kowanne, a auna shi, a rubuta abin da dattawa suka sani game da shi, domin abin da ba a rubuta ba idan ya ɓace babu mai iya cewa ya taɓa wanzuwa. Na biyu, jami'o'inmu, musamman Jami'ar Ahmadu Bello da ke da sashen ilimin tona kayan tarihi da kuma sashen injiniyan sarrafa ƙarafa, su haɗa ɗaliban sassan biyu su zauna da tsofaffin maƙera, a naɗi bayaninsu da sunayen kayan aikinsu, a gwada gina murhun tama tare da duk wanda ya rage da ya ga an yi. Kowane tsohon maƙeri da aka binne ba a tambaye shi ba, an binne shi da abin da babu inda za a sake samu. Na uku, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, tare da gwamnatocin jihohi, su buɗe hanyar da talaka zai kai tsohon abu Gidan Makama ko gidan tarihi na Kaduna ko na Jos a duba masa, in ya cancanta a saya da farashin da ya fi na sikeli. Muddin sikeli ne kaɗai mai saye, sikeli ne zai ci gaba da cinyewa. Na huɗu, mu masu albashi mu riƙa sayen aikin maƙeran da suka rage. Wanda zai iya kashe dubban ɗaruruwa a kan kayan ɗakin 'yarsa daga Dubai, ba zai gaza sa tasar Bida guda ɗaya a ciki ba.

Abu na ƙarshe kuma ya rataya a wuyan kowa. Idan ka je gida, ka shiga ɗakin tsofaffi ka duba. In ka samu tsohuwar tasa ko munduwa ko likkafa, kada ka goge ta da yashi ko toka don ta yi ƙyalli, domin wannan baƙin da koren da ke jikinta suna kare ta, kuma suna cikin abin da masana ke dubawa. Ka share ƙurar da busasshen ƙyalle, ka ajiye ta inda babu laima, ka tambayi mafi tsufa a gidan ta wace ce, daga ina ta zo, ka rubuta a takarda ka ajiye tare da ita.

Ni dai na makara. Da na koma ɗakin washegari na ci gaba da bincike, abin da na samu shi ne murfin tasar kaɗai, ya faɗa bayan wani tsohon adaka, shi ya sa ya tsira. Yana nan a kan teburina, kuma na rubuta sunan kakata da na mahaifiyarta na liƙa a cikinsa, domin 'ya'yana su san ba tarkace ba ne. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bar mana, amin.